Wa Ya Gaya Wa Wayar? Tarihin Yadda Kwamfuta Ta Koyi Lissafin Gurɓatar Iska

Mai karatu, in kana da babbar waya, gwada wannan idan hunturu ya kankama. Buɗe manhajar hasashen yanayi ka rubuta Shanga, ko Yelwa, ko Wara. Bayan ma'aunin zafi da gudun iska, za ka tarar da wata lamba da aka ce ita ce ingancin iska, sau da yawa an shafe ta da jan launi. Ni na yi haka a watan Janairun bara, ina zaune a tsakar gidan gwaggona, ba nisa da bakin ruwa. Hazo ya rufe gari, rana ta koma kamar farin faranti. Gwaggo tana gaban murhun banda tana juya kifi, idanunta sun yi jawur. Na ce, "Gwaggo, wayata ta ce iskar yau ba ta da kyau." Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "To, ɗan nan, wa ya gaya wa wayar?"

Na yi dariya, amma fa tambayar da nake karatun digiri na biyu a kanta ke nan. Amsar a taƙaice ita ce, babu wata na'ura da ta shaƙi iskar gidan Gwaggo. Lambar nan lissafi ce da manyan kwamfutoci suka yi daga nisan dubban kilomita. Kusan shekara 100 aka ɗauka kafin a iya wannan lissafi, an tafka kurakurai a hanya, an kuma yi asarar rayuka. In ka san tarihin, za ka san inda ya kamata ka yarda da lambar, da inda ya kamata ka yarda da hancinka.

Mutumin da ya raba sama gurbi-gurbi

Labarin ya faro ne daga wani Baturen Ingila mai suna Lewis Fry Richardson. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsa, sai ya zama direban motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni a Faransa. A ɗan lokacin hutun da yake samu, ya riƙa gwada wani tunani: a raba sararin sama gurbi-gurbi kamar ramukan dara, a rubuta zafi da nauyin iska da gudunta a kowane gurbi, sannan a yi amfani da ƙa'idojin kimiyya a lissafa abin da zai fita daga wannan gurbi ya shiga na kusa da shi bayan 'yan sa'o'i.

Ya ɗauki ranar 20 ga Mayu, 1910, ya ce bari ya lissafa sauyin yanayi na awa 6 kacal a tsakiyar Turai. Da alƙalami da takarda, aikin ya ci masa kusan mako 6. Sakamakon kuwa abin kunya ne: lissafinsa ya ce nauyin iska zai sauya da miliba 145, abin da ko guguwa mafi muni ba ta yi a awa 6, alhali a ranar kusan bai motsa ba. Duk da haka ya wallafa aikin a 1922, har da kuskuren. Ya ma ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi ba tsayawa kafin a iya riga yanayin duniya gudu.

Mutum 64,000 ba su samu ba, amma kwamfuta ta samu. A 1950, Jule Charney da abokan aikinsa a Amurka suka yi hasashen yanayi na farko da kwamfutar ENIAC. Hasashen awa 24 ya ɗauke su kusan awa 24. Bayan shekaru da dama, wani masani ɗan ƙasar Ailan, Peter Lynch, ya sake yin lissafin Richardson, ya gano cewa hanyar da ya bi daidai take. Matsalar daga bayanan farko ne da ya zuba, waɗanda ba a tace su ba. Riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: lissafi mai kyau, in aka ba shi gurguwar shaida, gurguwar amsa zai bayar.

Bututu ɗaya, hayaƙi ɗaya

Hasashen yanayi daban, lissafin gurɓatar iska daban. Shi na biyun, abin takaici, yaƙi ne ya fara rainonsa. A cibiyar binciken makamai masu guba ta Porton da ke Ingila, ana so a san inda iska za ta kai hayaƙin guba in an sake shi. A can ne Graham Sutton ya fitar da ƙa'idar bazuwar hayaƙi a 1932. A 1961 kuma Frank Pasquill ya kasa yanayin iska gida 6, daga A zuwa F, gwargwadon yadda take motsa hayaƙi.

Kada haruffan su ruɗe ka, Gwaggo ma ta san wannan. Da rana tsaka, ƙasa ta yi zafi, iska na tashi sama, hayaƙin banda sai ya miƙe ya watse. Wannan shi ne A. Da asuba kuwa lokacin sanyi, ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya. Hayaƙin sai ya kwanta, ya bi lungu, ya shiga ɗakuna. Wannan shi ne F.

Irin wannan murfi ne ya rufe birnin Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952. Ana sanyi, kowane gida na ƙona kwal, iska ta tsaya cak. Hayaƙi ya taru har mutum ba ya ganin ƙafarsa a wasu unguwanni. Ƙidayar farko ta ce mutum kusan 4,000 suka mutu, binciken baya kuma ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar tsaftace iska ta Ingila a 1956.

A wancan zamani tunanin mai sauƙi ne. Ga bututun masana'anta, ga hayaƙin da yake fitarwa, ga iska, sai a lissafa inda zai sauka. Abu ɗaya ake bi a lokaci ɗaya, kuma ana ɗauka abin da ya fita daga bututu shi ne zai isa hancin mutum bai sauya ba. Har gobe ana amfani da jikokin wannan lissafi in za a kafa masana'anta. Amma wani birni ya nuna cewa akwai abin da aka manta.

Gubar da babu mai fitar da ita

A shekarun 1940, birnin Los Anjeles na Amurka ya fara fama da wani hazo mai sa hawaye da zafin maƙogwaro. Ba lokacin sanyi yake zuwa ba, da rana mai ƙwalla yake zuwa, kuma birnin ba ya ƙona kwal kamar Landan. A 1943 aka ɗora laifin kan wata masana'antar sinadarin roba, aka rufe ta, hazo bai daina ba.

Wanda ya warware ƙullin, Arie Haagen-Smit, ɗan asalin ƙasar Holan ne da ke koyarwa a jami'ar Caltech, kuma aikinsa na asali binciken ƙamshin abarba ne. Da irin kayan da yake tace ƙamshi ya tace iskar birnin. A farkon shekarun 1950 ya nuna cewa babban mai laifin shi ne ozon, kuma babu mota ko masana'antar da ke fitar da shi. A cikin iska ake dafa shi. Kayan haɗin biyu ne: naitrojin oksayid da ke fita daga injin mota, da tururin fetur da makamantansa. Wutar kuwa ita ce hasken rana.

Ozon ɗin nan, can sama mai nisa garkuwa ne da ke kare mu daga mugun hasken rana. A nan ƙasa kuwa yana ƙona huhu, yana tayar da ciwon asma, yana rage yabanya.

Ka ga yanzu iska ta tashi daga matsayin mai dako, ta zama tukunya. Kuma girkin nata ba ya bin hankali kai tsaye. A tsakiyar birni mai cunkoso, in ka rage naitrojin oksayid kaɗai, ozon na iya ƙaruwa, domin wani ɓangare na hayaƙin motar shi ke cinye ozon a kusa. An daɗe da lura cewa a Los Anjeles ozon kan fi yawa a ƙarshen mako, lokacin da manyan motoci suka ragu. An sake ganin haka a birane da dama a kullen korona na 2020: hayaƙin mota ya faɗi, ozon ya hau.

Irin wannan ba a iya bin sa da alƙalami. Sai aka koma wa ramukan darar Richardson, aka zuba musu ilimin sinadarai. A 1973, John Seinfeld da abokan aikinsa suka wallafa ɗaya daga cikin lissafe-lissafen farko na irin wannan a kan Los Anjeles. Tun daga nan, tambaya huɗu kwamfuta ke yi wa kowane gurbi, kowane 'yan mintoci: me aka zuba a ciki daga ƙasa? Me iska ta kawo, me ta kwashe? Me ya haɗu da me ya zama wani abu? Me ya faɗo ƙasa ko ruwan sama ya wanke? Duk manhajojin da za ka ji sunansu nan gaba, wannan tambayoyi huɗu suke amsawa.

Kifin da ya mutu a ƙasar da ba ta yi laifi ba

Darasi na gaba zai fi taɓa mutumin bakin ruwa. A 1967, wani masani ɗan Siwidin, Svante Odén, ya rubuta a jarida cewa ruwan saman ƙasarsu ya fara tsami, tafkuna na lalacewa, kifi na ƙarewa. Hayaƙin da ke jawo haka, mai ɗauke da sinadarin farar wuta, ba daga Siwidin yawancinsa yake ba. Daga Ingila da tsakiyar Turai yake. Dogayen bututun da aka gina don a raba biranen can da hayaƙi su ne suka miƙa shi sama, iska ta yi masa dako ɗaruruwan kilomita.

Da farko an musa. Awo da lissafi ne suka rufe bakin gardama, har aka sa hannu a yarjejeniyar Janeba ta 1979 kan gurɓatar iska mai tsallaka iyaka. Wata cibiya a Oslo ta riƙa fitar da jadawali mai nuna abin da kowace ƙasa ta aika wa kowace. Manhajar kwamfuta ta zama shaida a teburin sulhu.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980, sai aka wayi gari kowace matsala da manhajarta: ta ozon daban, ta ruwan tsami daban, ta ƙananan ƙwayoyin ƙura daban. Alhali iskar guda ce, kuma kayan haɗin ɗaya ne. Naitrojin oksayid ɗin da ke dafa ozon, shi ne ke zama tsami a ruwan sama, shi ne kuma in ya gamu da amoniya daga taki da kashin dabbobi yake daskarewa ya zama ƙwayar da ke shiga huhu. In ka rage farar wuta, amoniyar da a da take kamawa sai ta samu sarari ta kama naitrojin. Ka toshe nan, can ta ɓalle.

Wannan ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da manhajar CMAQ a 1998, bisa aƙidar da suka kira iska ɗaya: a lissafa ozon da ƙwayoyin ƙura da tsami da sauran gubobi a tare, a bar su su yi mu'amala da juna kamar yadda suke yi a sama. Kyauta ake sauke ta. A jami'ar Harvard kuma aka gina GEOS-Chem, wadda ke lissafa duniya baki ɗaya, aka wallafa bayaninta a 2001. Turai na da nata tsarin mai suna CAMS, wanda ke fitar da hasashen kwana 5 na duk duniya sau biyu a rana, daga manyan kwamfutocin da yanzu ke birnin Bolonya na Italiya. Manhajojin waya da yawa daga irin waɗannan suke ɗebo lambarsu. Ga wanda ya gaya wa wayar.

Amfanin haɗa su wuri ɗaya ya fito fili a ƙasar Sin. Daga 2013 zuwa 2017 ƙasar ta rage ƙananan ƙwayoyin ƙura a biranenta da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, amma ozon ya riƙa hawa. Wani bincike da aka yi da GEOS-Chem, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa ƙwayoyin nan suna tsotse wasu sinadaran da ke hura wutar girkin ozon. Da aka share su, girki ya ƙara ƙarfi. Ba cewa aka yi a bar ƙurar ba. Darasin shi ne sai an rage su tare.

To mu fa, yaushe aka fara lissafa tamu?

Duk manhajojin nan an haife su ne don iskar masana'anta da mota. Tamu iskar kuwa da ƙura ta fara. Babban kaso na hazon hunturu daga Kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, fiye da kilomita 1,500 daga Yauri. Ana ɗaukar wurin a matsayin wanda ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani ƙaton tafki ne, wanda tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta ɗebe ta. Wato wani ɓangare na ƙurar da ke sauka kan kwalekwalen masunta a tafkin Kainji, ƙasan wani tafkin ne da ya mutu.

A ƙarshen shekarun 1970, Grant McTainsh ya auna yawan ƙurar da ke sauka a yankin Kano, ya wallafa a 1980. Amma shi kansa kwarin, sai a farkon 2005 wata tawagar masana ta je ta kafa na'urori a cikinsa. Sun tarar cewa iskar ta fi ƙarfi da hantsi, kuma manhajoji da dama na rage mata gudu a lissafinsu. In ka rage gudun iska, ka rage ƙurar da za ta tashi, domin ƙarin gudu kaɗan na ninka ƙura sosai. Kuskuren Richardson ne ya sake dawowa da wata riga.

A Janairu da Fabrairun 2006, wani jirgin saman bincike na Ingila ya yi sansani a Yamai, yana shawagi yana ɗibar iska. Abin da ya gani ya tabbatar da aƙidar iska ɗaya a ƙasarmu: sararin hunturu hawa-hawa ne. A ƙasa ƙurar hamada ce ke kwararowa daga arewa. A samanta kuwa, har tsawon kilomita da dama, hayaƙin ƙonan daji ne da ya taso daga kudu ya hau kanta. A tsakani suna cakuɗa. Hayaƙin na ɗauke da kayan dafa ozon, ƙurar kuma na tsotse wasu sinadarai masu tsami, tana kuma rage hasken da girkin ke buƙata. Ba yadda za a lissafa ɗaya a bar ɗaya.

Damina ma da nata. A tsakiyar 2006, a ƙarƙashin babban shirin binciken daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, jirgin ya auna iska a kan wuraren da ruwa ya sauka da waɗanda bai sauka ba. Ashe idan ruwa ya jiƙa busasshiyar ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cikinta na farkawa su fitar da naitrojin oksayid, har ya isa ya dafa ozon a daji inda babu mota ko ɗaya. Tun 2004 ma an hango wannan daga tauraron ɗan Adam a yankin Sahel. Lokacin da kake jin daɗin ƙamshin ruwan farko, ƙasa na nan tana nata numfashin.

Saura tambayar farko cikin huɗun nan: me mutane ke zubawa? Tsofaffin jerin bayanai na duniya sun fi ƙidaya masana'antu da tashoshin wuta da motocin da ke da rajista. A 2016, Eloise Marais da Christine Wiedinmyer suka fitar da wani jeri na musamman don Afirka mai suna DICE-Africa, suka shigar da abubuwan da ni da kai muka sani: itacen girki, ƙona gawayi, fitilar kananzir, janareta, babura, da wutar iskar gas ta yankin Neja Dalta. Ka lura da shekarar. Shekara 18 ke nan bayan fitowar CMAQ.

Gurbin da Shanga ta faɗa

Yanzu mu dawo gida. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270, aka tayar da mutum kimanin 44,000, ciki har da mutanen tsohuwar Bussa da Gungawan da ke zaune a tsibiran Kwara. Yau a gefen tafkin, daga Ngaski zuwa Yauri zuwa Shanga, ana su, ana banda, ana noman shinkafa da albasa, ana haƙar zinare a wasu wuraren. Kowace sana'a da abin da take saki: hayaƙin itace daga banda da girki, ƙona ƙaiƙayi da karan shinkafa bayan girbi, amoniya daga takin zamani da garken shanu, hayaƙin injin ban ruwa da na jirgi da na kabu-kabu, ƙurar dutsen da ake niƙawa.

Yaya kwamfuta ke ganin wannan duka? A lissafin duniya irin na da, gurbi ɗaya kan kai kilomita 220 a tsaye da 270 a kwance, wanda zai haɗiye tafkin Kainji gaba ɗaya har da saura. A tsarin CAMS na yau, gurbin kusan kilomita 40 ne kowane gefe. An ci gaba ƙwarai, amma yi lissafi: 40 sau 40, murabba'in kilomita 1,600 ke nan, ya fi duk faɗin tafkin. Kuma lamba ɗaya tal ake ba kowane gurbi. Ruwa da gona da kasuwa da daji da tsakar gidan Gwaggo, duk an dama su an fitar da matsakaici. Hayaƙin murhunta, in ma an ƙidaya shi, an raba shi ne daidai-wa-daida a kan wannan ƙaton fili, har ya zama kamar gishiri cokali ɗaya a cikin randa. Haka iskar da ke kaɗowa daga tafki zuwa tudu da rana, ta juya da dare, ta yi ƙanƙanta gurbi irin wannan ya kama ta yadda ya kamata.

Sannan wa ke duba amsar? A Turai da Amurka, dubban tashoshin awo ne ke gyara wa manhaja zama kullum. A nan, tashoshin da masu bincike suka daɗe suna dogaro da su don ƙura su ne na Ilorin, da ke aiki tun 1998, da na Banizumbu kusa da Yamai. Kowace tana da nisan kusan kilomita 300 daga Shanga, kuma na'urorinsu masu kallon rana duk ƙurar da ke tsakaninta da ƙasa suke aunawa, ba wadda ke daidai hancin mutum ba. Tauraron ɗan Adam ma haka yake yi daga sama. Akwai tsohuwar tashar yanayi a Yelwa, kuma nisan gani da irin waɗannan tashoshi ke rubutawa kullum na taimakawa wajen bin tarihin hazo, amma ba ya faɗin abin da ke cikin hayaƙi.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Tsakanin 2015 da 2017, masu bincike sun auna iska a wata kasuwa a unguwar Yofugon ta birnin Abijan, inda mata ke bandar kifi da nama. Matsakaicin ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5 a wurin ya kai maikrogiram 145 a kowace kubik mita, fiye da ninki huɗu na abin da suka samu a bakin titi mai cunkoson motoci a birnin. Ƙwayoyin nan sun fi silin gashi siranta kusan sau 30, shi ya sa suke wuce hanci su sauka can cikin huhu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 shi ne kada matsakaicin shekara ya wuce 5, na yini kuma 15. Hukumar ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida kaɗai ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara suka fi shaƙar sa.

Inda za ka yarda, da inda ba za ka yarda ba

Kada ka ɗauka cewa nake lambar banza ce. A kan abin da ya taso daga nesa kuma ya rufe ƙasa mai faɗi, manhajojin nan na da amfani sosai. Tauraro na ganin ƙura ta tashi a Bodele, lissafi na bin ta, a san za ta iso nan cikin 'yan kwanaki. Tun 2007 Hukumar Yanayi ta Duniya ke da tsarin gargaɗin ƙura, mai cibiya a Barselona da ke kula da yankinmu, kuma hukumar NiMet na fitar da sanarwar hazo a lokacin hunturu. Direban jirgin ruwa da zai tsallaka da fasinja, da mai asma, da uwar jariri, duk wannan gargaɗi nasu ne. Haka ma'aikatan lafiya, domin mu a cikin zirin sanƙarau muke, cutar da ke tashi a rani lokacin bushewar iska da ƙura. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2017 Kebbi na cikin jihohin da ta fi shafa, tare da Zamfara da Sakkwato da Katsina da Neja. Hasashen ƙura ba ya maye gurbin rigakafi, amma yana taimakawa a san lokacin da za a ƙara sa ido.

A kan abin da ke tasowa a ƙofar gidanka kuwa, wayar makauniya ce. Da damina za ta iya nuna maka kore shar, alhali ɗakin girki ya turnuƙe. A nan hancinka da idonka sun fi ta sani. Itace ya bushe kafin a sa a wuta. A yi girki da banda inda iska ke wucewa, a kuma guji asubar sanyi mai kwantar da hayaƙi in da hali. Goyo ya sauka daga baya kafin a tsaya gaban murhu. Janareta kuma ya yi nesa da taga da ƙofa, domin iskar kabon monoksayid ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutane suna barci.

Gyaran lissafin kuma ba sai mun jira Bolonya ba. CMAQ da GEOS-Chem kyauta ne, kuma ana iya matse gurbinsu ya koma 'yan kilomita a kan yanki ɗaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shaida daga ƙasa. Yanzu akwai ƙananan na'urorin awo masu araha da za a iya liƙa wa a makaranta ko asibitin ƙauye, muddin za a riƙa daidaita su da babbar na'ura, domin ƙura da raɓa na ruɗa su. Akwai kuma aikin da littafi da biro kaɗai yake buƙata: murhun banda nawa ne a tunga ɗaya, damin itace nawa kowanne ke ci, wane wata ake ƙona kara. Ɗaliban jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi, da ma'aikatan cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa, sun fi kowane masani na waje kusa da wannan amsa.

Da daddare na yi wa Gwaggo bayanin nan iya yadda zan iya: cewa wayar ta san ƙurar Chadi, amma ba ta san hayaƙinta ba. Ta yi shiru tana jera kifi a kwando, sannan ta ce, "To ai sai ka gaya mata." Washegari da asuba na ɗauko littafi na zauna kusa da murhun. Abin da na fara rubutawa shi ne lokacin da ta kunna wuta, da irin itacen, da damin da ta kwance.